Waiwaye: Ɗigon shan inna da tambayar da iyaye ke yi a Kaduna

Duk wanda ya zauna a Rigasa ko Tudun Wada ya san lambobin da ma'aikatan rigakafi ke rubutawa da alli a bangon ƙofar gida, da tawadar da suke shafa wa yaro a ƙaramin ɗan yatsa bayan ɗigo biyu a baki. Wannan aiki ya taɓa tsayawa cik a jihar Kaduna, kuma dalilan tsayuwar ba su gushe gaba ɗaya ba.

Zargin da ake yi wa ɗigon shan inna ya girmi 2003, shekarar da aka dakatar da shi. A 1988 gwamnatin Babangida ta fito da manufar ƙayyade iyali mai shawartar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, abin da bai yi wa jama'ar Arewa daɗi ba. Sai 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin wani bincike da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har zuwa sasantawar dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Don haka da Dokta Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, ya fito a 2003 ya ce ana zargin an gurɓata ɗigon shan inna da sinadarin hana haihuwa, ya tarar da masu saurare a shirye. Shekarar ce kuma Amurka ta mamaye Iraƙi, abin da ya ƙara wa jama'a shakku kan ƙasashen Yamma. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Aka kafa kwamitoci, aka kai maganin gwaji ƙasashen waje, Jama'atu Nasril Islam mai hedkwata a nan Kaduna ita ma ta shiga binciken. Kaduna ta koma aikin da wuri, Kano kuwa sai Yuli 2004, bayan an kawo magani daga Indonesiya. Kafin ƙura ta lafa cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan ashirin, har da Sudan da Yemen, kuma a 2006 Najeriya ta samu yara sama da dubu ɗaya da suka shanye.

A ganina, batun hana haihuwa ba shi ne ya fi daɗewa a zukata ba. Abin da magidanci ke faɗa a zaure shi ne: me ya sa wannan kaɗai ake biyo ni da shi har gida, kyauta, sau da yawa a shekara, amma in yaro ya kwana da zazzaɓi sai in je asibiti a rubuto mini takarda in tafi kyamis? Kwalbati ya toshe, famfo babu ruwa, ƙyanda na ɗaukar yara, sai shan inna kawai aka sani? Tambaya ce mai ma'ana, kuma an daɗe ana amsa ta da faɗakarwa a rediyo maimakon magani a kanta.

Abin da ya sauya lamarin shi ne saukowa ƙasa. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da sinadarin bitamin A da maganin tsutsar ciki da sabulu. A 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamitinsu kan lafiya a matakin farko, ya zamana mai unguwa ne ke zuwa gidan da aka ƙi, ya yi sallama da maigida, su tattauna. Aka ɗauki matan unguwa masu shiga har tsakar gida, masu zuwa bikin suna da katin rigakafi a jaka. Waɗanda cutar ta naƙasa ma suka riƙa bin tawaga a kan kekunansu. Aikin ya ci rayuka: a Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. An ga ƙwayar shan inna ta asali, wadda ba daga ɗigo ta samo tushe ba, karo na ƙarshe a Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita.

To me ya sa har yanzu ake ƙwanƙwasa ƙofa? Ɗigon na ɗauke da ƙwayar cuta da aka raunana, tana fita ta bayan gida. Inda yara da yawa ba su da rigakafi kuma tsabtar ruwa ta yi ƙaranci, takan daɗe tana yawo har ta sake ƙarfi ta shanye yaro. Wannan nau'in ne ake fama da shi yanzu, kuma dominsa aka fara amfani da sabon ɗigo a Najeriya a 2021.

Giɓin da ya rage yana asibitin unguwa. Allurar da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 ita ke kare shi daga mashaƙo, ba a bin gida da ita, sai uwa ta kai kanta. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ta fi jin jiki, ya kuma kashe yara a Kafanchan a 2023, kuma akasarin waɗanda suka kamu a ƙasar ba su kammala waɗannan allurai ba.