Idan tarin fuka ya hau ƙwaƙwalwa da laka: tambayoyi da amsoshi

Ashe tarin fuka ba ciwon huhu ba ne kawai?

A huhu ya fi zama, amma ba nan kaɗai yake tsayawa ba. Ƙwayar cutar, wadda likitan Jamus Robert Koch ya gano a 1882, tana iya bin jini ta sauka a ƙashi, ƙoda, ko tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. A can sai ta yi ɗan ƙulli ta lafe, wani lokaci wata da watanni. Ranar da ƙullin ya fashe, tantanin ya kumbura, shi ne sanƙarau na tarin fuka. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari na masu tibi (wato tarin fuka) ne ke gamuwa da shi, amma shi ya fi kowane nau'i kisa da nakasarwa.

Mene ne bambancinsa da sanƙarau da muka sani?

Wanda muka sani da zafin rani yake zuwa, ya kwantar da mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, kowa ya gane. Wannan kuwa lallaɓowa yake yi. Mako biyu ko uku ana fama da ɗan zazzaɓi, ciwon kai, kasala da rashin cin abinci. Yaro ya daina wasa, ya yi ta rigima ko yawan barci, ya rame. A nan ne ake asarar lokaci: a sayo maganin maleriya a kyamis, a koma na taifot, idan ya fara sambatu a ce iska ce. Kafin wuya ya sanƙare, ido ya karkace, ko jijjiga ta zo, cutar ta riga ta yi nisa. Kuma a lura, mai wannan ciwo ba lallai ne ya yi tari ba.

Me yake yi wa ƙwaƙwalwa?

Kumburin yana tara wani ruwa mai kauri a gindin ƙwaƙwalwa. Ruwan nan yana toshe hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi, sai ya taru a ka, a jariri har maɗiga ta kumbura. Yana kuma shaƙe jijiyoyin jini, abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, ya danne jijiyoyin ido da na kunne. Idan ya gangara laka, ƙafafu su yi nauyi, mutum ya kasa riƙe fitsari. Akwai kuma nau'in tibi da ke cin ƙashin baya har doro ya fito ya matse laka.

Wa ya fi shiga haɗari?

Yara 'yan ƙasa da shekara 5, musamman masu tamowa, da masu ɗauke da cutar HIV. Yaro kusan kullum daga babba yake ɗauka a cikin gida: kaka mai tsohon tari, ko uba da ake cewa sanyi ne ya kama shi.

Ana jin tsoron ɗibar ruwan baya. Dole ne?

Dole ne, idan likita ya ga ya dace. Allurar tana shiga ne a ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma ruwan da ake ɗiba kaɗan ne, jiki yana mayar da shi cikin 'yan sa'o'i. Mutane kan ga mara lafiya ya rasu bayan gwajin su ɗora wa allura laifi, alhali an kawo shi ne a makare. Ana saka ruwan a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tibi, amma ƙwayoyin ba su da yawa a cikinsa, don haka gwaji na iya cewa babu alhali akwai. Shi ya sa likita kan fara magani a kan alamu, kuma daidai ya yi.

Ana warkewa?

Ƙwarai, idan an fara da wuri. Magani yakan ɗauki wata 12: haɗin magunguna huɗu na wata biyu, sannan biyu daga cikinsu na wata goma. Ana haɗawa da maganin rage kumburi irin su dexamethasone, wanda binciken da aka wallafa a 2004 daga ƙasar Biyetnam ya nuna yana rage mace-mace. Fitsari zai koma ja-ja saboda rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma idan ido ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti ranar. Wasu kan ƙara rikicewa bayan an fara magani, saboda garkuwar jiki ta farfaɗo tana yaƙi. Wannan ma likita za a kai wa, kada a yanke magani a gida. A Najeriya maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin DOTS, wato wuraren ba da maganin tibi.

Ta yaya zan kare yarana?

A yi wa jariri allurar BCG da zarar an haife shi. Ba ta cika hana tarin huhu a manya ba, amma tana kare ƙananan yara sosai daga wannan nau'in. Duk wanda ya yi tari mako biyu a gida a kai kakinsa gwaji. Idan an same shi da tibi, a kai yaran gidan a duba su ko da lafiyarsu ƙalau, domin akwai maganin rigakafi da ake ba su.