Gwauro Ma Yana da Magada

A Sakkwato ana yawan cewa wanda ba shi da mata, ba 'ya'ya, duk wanda ya yi jinyarsa shi zai ci dukiyarsa. Ba haka shari'a ta tsara ba.

A mazhabar Malikiyya, bayan likkafani da biyan bashi da wasiyya, ana fara ba masu kason da shari'a ta yanka musu, kamar uwa, sannan sauran a nemi asaba, wato dangi maza ta wajen uba, ko da ɗan baffa ne da bai taɓa leƙo shi ba. In babu kowa, asalin hukunci Baitulmali ne.

Ɗan riƙo kuwa, in ba dangi ne mai gado ba, ba ya gado, komai daɗewarsa a gidan. Wasiyya ce hanyarsa, ita ma ba ta wuce sulusi sai da yardar magada, a rubuta gaban shaidu. Mai son ba shi fiye, ya yi kyauta yana da lafiya, ya damƙa masa a hannu, domin kyautar baki ba ta tsayawa bayan mutuwa.