Dokokin Virginia na zamanin mulkin mallaka da yadda ake gano kaka mai sana'a a kundin kotu

Wanda yake neman asalin kakansa da ya ƙetare teku daga Turai zuwa Virginia a ƙarni na 17, maƙeri ne shi ko kafinta ko mai haɗa gangunan zuba taba, yakan fara da laluben sunansa a jerin fasinjojin jiragen ruwa, kuma galibi a nan yake ɓata lokacinsa, domin kaɗan ne daga irin wannan jeri suka tsira, ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya kuwa ba a fara ta a Amurka ba sai a 1790. Abin da ya rage da yawa shi ne kundin kotunan gunduma. Talaka mai sana'ar hannu ya shiga wannan kundi ne saboda doka ta tilasta a kai shi, ko a kai sunansa, gaban alƙalai a wasu lokuta sanannu na rayuwarsa. Saboda haka wanda ya san waɗannan dokoki ya san shafin da zai buɗe, ya kuma san iyakar abin da shafin zai iya tabbatar masa.

Turawan Ingila sun kafa Jamestown, garinsu na farko a Virginia, a 1607, sannan a 1634 aka raba Virginia gida 8, kowace gunduma da kotunta. Alƙalan ba masana shari'a ba ne, manyan manoman yankin ne da gwamna yake naɗawa, kuma aikinsu ya wuce sauraron ƙara, domin a gabansu ake tabbatar da wasiyya, a rubuta cinikin fili, a naɗa wa marayu waliyyi, a yanka haraji, a kuma ba da umarnin gyaran hanya. Magatakardan kotu ne yake rubuta duk wannan da hannu. Kundin gundumar Northampton, wanda yake ajiye a garin Eastville, ya faro daga 1632 bai yanke ba, shi ya sa ake lissafa shi a matsayin mafi daɗewa irinsa a Amurka.

Doka ta farko da take fito da sunan baƙo ita ce ta rabon fili. Tun daga 1618 aka tsara cewa duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya zuwa Virginia, na kansa ne ko na wani, yana da haƙƙin eka 50. Mai neman filin yakan je kotun gundumarsa ya rantse cewa shi ya kawo wane da wane, a ba shi takardar shaida, ya kai ta ofishin sakataren mulki, a auna masa fili, a ba shi takardar mallaka, bisa sharaɗin ya zauna a wurin ko ya noma shi cikin shekara 3. A ƙasan takardar mallakar ake jera sunayen mutanen da aka kawo, kuma a nan ne masu bincike da dama suke fara cin karo da kakansu.

A nan kuma aka fi yin kuskure, don haka ya kamata a tsaya a fahimta. Takardar shaidar nan haja ce da ake saye da sayarwa, tana iya shekaru a hannun wani kafin a yi amfani da ita. Idan aka ga sunan maƙeri a takardar mallaka ta 1665, abin da ya tabbata kawai shi ne ya iso kafin wannan rana, ƙila da shekara ɗaya, ƙila da goma. Ganin sunan bai nuna cewa mai filin ne ubangidansa ba, bai nuna cewa a gundumar da filin yake ya zauna ba, bai ma nuna cewa bara ne ba, domin ana neman eka 50 a kan matar aure da 'ya'ya da 'yan'uwa, har da mutumin da ya je Ingila ya dawo. Akwai kuma maguɗi, inda ake maimaita sunayen ma'aikatan jirgi ko a yi amfani da suna ɗaya fiye da sau ɗaya. A ganina, rubutun da ke kundin kotu na ranar da aka yi rantsuwa ya fi takardar mallakar amfani, saboda ya fi kusa da lokacin isowa, kuma yana nuna gundumar da mai rantsuwar yake. Daga 1699 aka buɗe hanyar sayen haƙƙin eka 50 da sule 5 kai tsaye, sai wannan tsari ya fara ja da baya. A yankin da ke tsakanin kogin Rappahannock da na Potomac kuwa, wanda Sarkin Ingila ya mallaka wa wasu fadawansa, filayen da aka raba daga 1690 ba su bi tsarin kawo mutane ba, don haka babu jerin sunaye a takardunsu.

Doka ta biyu ta shafi barantaka ta wa'adi. Mafi yawan Turawan da suka zo Virginia a wancan ƙarni ba su da kuɗin jirgi, sai suka sayar da ƙwadagonsu na wasu shekaru a madadinsa. Wasu sun sa hannu a yarjejeniya tun a Ingila, kuma mai sana'a a hannu yakan fi samun sharaɗi mai sauƙi, tun da ana neman irinsa ido rufe. Birnin Bristol ya fara rubuta sunayen masu tafiya irin wannan a 1654, domin hana satar mutane a tura su ƙetare, aka ci gaba har 1686. Rajistar tana ɗauke da sunaye kimanin 10,000, kuma a shekarun farko takan ambaci garin mutum da sana'arsa. Wasu kuwa sun iso babu takarda ko ɗaya, su ne majalisar Virginia ta yi ta tsara wa wa'adi. Dokar 1643 ta ce wanda ya haura shekara 20 zai yi bauta ta shekara 4, wanda yake tsakanin 12 da 20 zai yi 5, ƙaramin yaro kuma 7. Dokar 1662 ta mayar da shi shekara 5 ga wanda ya haura 16, na ƙasa da haka kuma sai ya cika 24, ta kuma wajabta wa ubangida ya kai baran kotu cikin wata 4 domin alƙalai su ƙiyasta shekarunsa. Dokar 1705 ta sa iyakar a shekara 19, lokacin kai shi kotu kuma wata 6.

Wannan sharaɗi na kai bara kotu shi ne ya haifar da ɗan gajeren rubutun da ya fi kowane daraja ga mai bincike. Layi biyu ne ko uku: sunan yaro, sunan ubangidansa, wani lokaci da sunan jirgin da ya kawo shi, sai hukuncin cewa an ƙiyasta shekarunsa 14, zai yi bauta yadda doka ta tanada. Daga nan mutum zai san cewa isowar ba ta wuce 'yan watanni ba, ya kuma lissafa shekarar da baran zai sami 'yanci. Sai dai da ido alƙalan suke ƙiyasin, su kansu kuma masu barori ne, ubangida kuwa yana cin ribar kowace shekara da aka rage wa yaron. Bai kamata a ɗauki adadin a matsayin ranar haihuwa ba.

Baran da ya gudu aka kamo shi yakan biya ninkin kwanakin da ya yi a ɓoye, kuma kotu ce take ƙara masa wa'adin. Wanda ya kammala yana da haƙƙin sallama, wanda dokar 1705 ta fayyace ga namiji: masara awo 10 da ma'aunin Ingila na bushel, sule 30 ko kaya na wannan ƙima, da bindiga mai kyau da ta kai aƙalla sule 20. Babu fili a cikin sallamar Virginia, domin eka 50 ɗin nan wanda ya biya kuɗin jirgi ne ya riga ya ci. Idan ubangida ya hana, baran yakan kai ƙara, ƙarar kuma ita ce shaidar shekarar da ya fara cin gashin kansa.

Daga nan ne sana'ar take bayyana. Kuɗin ƙarfe sun yi ƙaranci a Virginia, da taba ake ciniki, ana auna ta da laba, kuma sai kaka ta yi ake biya, saboda haka mai sana'a kullum yana bin wani bashi ko ana bin sa. Za a ga maƙeri ya yi ƙarar manomi a kan kuɗin gyaran fartanya da gatari, ko kotu ta ba da umarnin a biya kafinta laba kaza na taba daga harajin gunduma saboda gyaran kurkuku. Ƙananan basussuka, na ƙasa da kimanin laba 200, alƙali ɗaya yake yanke su a gidansa, yawancinsu ba su shiga kundi ba. Idan an kira mutum shaida kuwa, yakan faɗi shekarunsa a farkon bayani, sannan ya sa hannu ko ya zana alamarsa, kuma wannan alama tana taimakawa wajen bambance mutum biyu masu suna ɗaya. Dokar marayu ma tana kawo shi kotu, domin maraya marar dukiya akan ɗora shi a hannun mai sana'a ya koya har ya cika 21, kuma a 1705 aka ƙara da wajabcin koya masa karatu da rubutu. Bayan rasuwarsa kotu takan naɗa maƙwabta su ƙiyasta kayan da ya bari, su rubuta ɗaya bayan ɗaya: uwar maƙera, zugazugi, guduma, awartaki, tsohon ƙarfe, gado da shimfiɗa, saniya da ɗan maraƙi. Ko da ba a taɓa kiransa maƙeri a wani shafi ba, wannan lissafi ya isa hujja.

Mai karatu da ya saba da rabon gado na Musulunci, inda kowane ɗa da 'ya suke da kaso, ya kula da cewa a Virginia ta wancan zamani idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, babban ɗa namiji ne yake gaje fili duka, matar mamacin kuma tana cin moriyar sulusinsa iya rayuwarta. Ba a soke fifikon babban ɗa ba sai da dokar 1785. Don haka wasiyya tana iya tsallake sunan babban ɗa saboda doka ta riga ta ba shi nasa. Haka kuma, saboda sulusin nan, idan magidanci zai sayar da fili akan keɓe matarsa a tambaye ta ko da yardarta ta sarayar da haƙƙinta, kuma sau da yawa a wannan rubutu kaɗai ake samun sunanta.

Idan kakan ba talakan Sarkin Ingila ba ne, wato Bajamushe ne ko Bafaranshe ko mutumin Holan, akwai wata doka a kansa, domin baƙo ba ya gadon fili kuma ba a gadonsa sai ya zama ɗan ƙasa. Dokar Virginia ta 1671 ta buɗe hanyar kai koke majalisa, ta 1680 ta ba gwamna ikon bayar da takardar, sannan a 1740 majalisar Birtaniya ta yi doka ɗaya ga dukkan yankunanta na Amurka: zaman shekara 7 ba tare da barin ƙasar fiye da wata 2 a jere ba, rantsuwar biyayya a gaban alƙali, da shaidar karɓar jibin Ubangiji a cocin Furotesta, sharaɗin da aka ɗauke wa Yahudawa da mabiya ɗariƙar Quaker. Mutanen Ingila da Sikotilan da Ailan ba su buƙaci wannan ba, don haka neman takardarsu wahalar banza ce. Jamusawan da Gwamna Alexander Spotswood ya zaunar a Germanna, wani matsuguni a Virginia, misali ne mai kyau: ayarin 1714 masu haƙar ma'adinai ne daga yankin Siegen, ayarin 1717 kuma an san da yawa daga cikinsu ne ta ƙarar da Spotswood ya kai su a kotun Spotsylvania yana neman kuɗin da ya ce ya kashe wajen kawo su.

Yawancin wannan bayani bai shafi 'yan Afirka da aka fara saukewa a Point Comfort, a gaɓar tekun Virginia, a 1619 ba, kuma wannan abu ne mai ciwo da bai kamata a tsallake ba. Su ma an ci eka 50 a kansu, amma sau da yawa da suna ɗaya tilo ake rubuta su, ko adadi kawai. Dokar 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, ta 1705 kuma ta lissafa bayi cikin kadarar da ake gada kamar fili. Akwai maƙera da kafintoci da masu haɗa ganga a cikinsu, amma wurin da zuriyarsu take samun su shi ne lissafin kayan gadon ubangida da wasiyyarsa da takardun ciniki, inda sana'ar mutum take fitowa a matsayin dalilin tsadar farashinsa.

Sauran abin lura na wuri ne da kwanan wata. Gundumomi sun yi ta rabuwa, ta yadda mutumin da bai taɓa barin gonarsa ba zai iya fitowa a kundin Lancaster da aka kafa a 1651, sannan a na tsohuwar Rappahannock daga 1656, sannan a na Essex daga 1692, kuma kowane rubutu yana wurin gundumar da take da ikon yankin a ranar da aka yi shi. Kafin 1752 sabuwar shekara a ƙasashen Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, don haka zaman kotu na Fabrairun 1675 ya biyo bayan na Disambar 1675 ne, a lissafinmu na yau kuma 1676 ke nan. Wasu kundayen kuwa wuta ta cinye su, musamman gobarar Richmond ta 3 ga Afrilu 1865, wadda ta ƙone takardun babbar kotu tare da na gundumomin da suka kai nasu can ajiya lokacin yaƙin basasar Amurka, irin su James City da Hanover da New Kent. Idan kakan a ɗaya daga cikinsu ya zauna, sai a koma ga takardun mallakar fili da Laburaren Virginia da ke Richmond ya sa a intanet, da rajistar coci inda ta tsira, da kundin gundumomin da ke maƙwabtaka, domin maƙeri ko kafinta yakan bi bashinsa har ƙetaren kogi.