Horst Hrubesch

Horst Hrubesch tsohon ɗan wasan gaba ne kuma mai horar da 'yan ƙwallon ƙafa na ƙasar Jamus, wanda aka haifa ranar 17 ga Afrilun 1951 a garin Hamm da ke yammacin ƙasar. Ya yi suna a ƙungiyar Hamburger SV da tawagar Jamus ta Yamma saboda ƙwarewarsa wajen cin ƙwallo da ka, har Jamusawa suka yi masa laƙabi da Kopfballungeheuer, wato dodon bugu da ka. Bayan ya rataye takalma ya daɗe yana aiki da hukumar ƙwallon ƙafa ta Jamus, inda ya lashe kofunan Turai biyu na matasa, ya kuma samo wa ƙasarsa lambobin Olamfik biyu, ɗaya da maza ɗaya da mata.

Hrubesch bai bi hanyar da yawancin taurari ke bi ba. Har ya kai shekara 24 yana buga wa ƙananan ƙungiyoyin yankinsu wasa, yana kuma neman abinci da aikin hannu a fannin gine-gine, kafin Rot-Weiss Essen ta ɗauke shi a 1975. A shekarun da wasu ke ganin sun kai ganiyarsu, shi a lokacin ya fara cin albashin ƙwallo. Bai ɓata lokaci ba kuwa, domin a kakar 1977/78, lokacin da Essen ke rukuni na biyu, ya zura ƙwallaye sama da 40, abin da ya sa manyan ƙungiyoyi suka fara zawarcinsa. Hamburg ce ta yi nasarar ɗauke shi a 1978.

Shekaru biyar da ya yi a Hamburg su ne mafi daraja a tarihin ƙungiyar. Ta lashe Bundesliga a 1979, lokacin da Kevin Keegan na Ingila ke cikinta ƙarƙashin koci Branko Zebec, sannan ta sake lashewa a 1982 da 1983 a hannun Ernst Happel ɗan Ostiriya. Hrubesch ya ci ƙwallo 96 a wasanni 159 na gasar, kuma shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a kakar 1981/82 da guda 27. Sirrin yawancinsu yana gefen dama, inda mai tsaron baya Manfred Kaltz kan kutso ya lanƙwaso ƙwallo sama, irin bugun da Jamusawa ke kwatantawa da ayaba saboda yadda take karkata tana guje wa mai tsaron raga. Hrubesch, mai tsayin mita 1.88 da faɗin ƙirji, yakan taso daga baya ya tare ta da goshi kafin masu tsaro su ankara. Ana danganta masa wata gajeriyar magana da ta bayyana tsarin baki ɗaya, cewa Manni, wato Kaltz, ya bugo ayaba, shi ya sa kai, sai raga. Ba ɗan wasa ba ne mai yanka ko ƙawata wasa, kuma bai taɓa nuna cewa shi hakan ne ba. Ya san abin da ya iya, ya kuma goge shi har ya zama makamin da aka sani amma aka kasa tarewa.

A Turai, Hamburg ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun nahiyar a 1980 bayan ta lallasa Real Madrid da ci 5-1 a gida, inda ya ci biyu, sai dai Nottingham Forest ta doke ta da ci 1-0 a Madrid. A 1983 yana kyaftin ya ɗaga kofin a Atina, bayan ƙwallon Felix Magath ta kayar da Juventus da ci 1-0. Daga nan ya koma Standard Liège ta Beljiyam, ya kuma kammala wasa a Borussia Dortmund a 1986, da jimillar ƙwallo 136 a wasanni 224 na Bundesliga.

Wasanni 21 kawai ya buga wa Jamus ta Yamma, ya ci ƙwallo 6, amma kaɗan ɗin nan sun faɗo a manyan ranaku. Ya samu gurbi a gasar Turai ta 1980 bayan Klaus Fischer ya karye a ƙafa, kuma bai taɓa ci wa ƙasarsa ba sai a wasan ƙarshe da Beljiyam a birnin Rum ranar 22 ga Yuni, inda ya ci duka biyun a nasarar 2-1. Ta biyun da ka ya ci ta, daga bugun kusurwa na Karl-Heinz Rummenigge, saura kimanin minti biyu a tashi. A gasar cin kofin duniya ta 1982 shi ne ya buga fenaritin da ya fitar da Faransa a wasan kusa da na ƙarshe a Seville, kafin Italiya ta doke su da ci 3-1. Shi ne kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan Gijón da Ostiriya, wanda bayanta ɓangarorin biyu suka daina neman juna domin sakamakon ya wadatar da su, lamarin da ya fitar da Aljeriya duk da ta doke Jamusawan tun farko. Masu son ƙwallo a Afirka ba su manta da wannan rana ba, kuma suna da hujja.

Aikinsa na koci a ƙungiyoyi bai yi armashi ba. Ya zaga Essen, Wolfsburg, Tirol, Hansa Rostock, Dynamo Dresden, Austria Wien da Samsunspor ta Turkiyya, ba tare da ya daɗe a ko'ina ba. Sai da ya shiga hukumar ƙwallon Jamus, inda ya taimaka wa Erich Ribbeck a gasar Turai ta 2000 sannan ya koma wajen matasa, aka ga inda baiwarsa take. A 2008 ya lashe kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 19, a 2009 kuma na 'yan ƙasa da 21 a Suwidin, inda yaransa suka casa Ingila da ci 4-0 a Malmö. Shida daga cikinsu, wato Manuel Neuer, Mesut Özil, Sami Khedira, Mats Hummels, Jérôme Boateng da Benedikt Höwedes, su ne ƙashin bayan tawagar da ta ɗauki kofin duniya a 2014. An san shi da magana kai tsaye ba kwana-kwana, da riƙon 'yan wasa kamar uba, kuma mai yiwuwa mutumin da ya daɗe yana jiran dama ya fi kowa sanin yadda ake haƙuri da yaron da bai gama nuna kansa ba.

A gasar Olamfik ta 2016 tawagarsa ta haɗu da Najeriya ta Samson Siasia a wasan kusa da na ƙarshe a São Paulo, ta kuma yi nasara da ci 2-0 ta hannun Lukas Klostermann da Nils Petersen. A wasan ƙarshe a filin Maracanã an tashi 1-1 da Brazil, sannan masu masaukin baƙi suka yi nasara da 5-4 a bugun fenariti, Jamus ta dawo da azurfa, Najeriya kuma ta samu tagulla.

Sau biyu aka kira shi riƙon ƙwaryar tawagar mata. A 2018 ya gaji Steffi Jones ya samo musu gurbi a gasar duniya ta 2019, sannan ya miƙa wa Martina Voss-Tecklenburg. Bayan ya koma Hamburg a 2020 a matsayin shugaban sashen matasa, inda ya ja ragamar babbar ƙungiyar a wasanni uku na ƙarshen kakar 2020/21, an sake nemansa a Oktoban 2023. A Olamfik ta Paris a 2024, yana da shekara 73, matan suka doke Sifaniya mai riƙe da kofin duniya da ci 1-0 a Lyon suka karɓi tagulla: Giulia Gwinn ta ci fenariti, mai tsaron raga Ann-Katrin Berger kuma ta tare na Alexia Putellas ana dab da hura tashi. Bayan gasar ya miƙa tawagar ga Christian Wück.