RPAC: asusun siyasa na dillalan gidaje a Amurka

RPAC kwamiti ne da ke tara kuɗi daga hannun dillalan gidaje da filaye a Amurka yana taimaka wa 'yan takarar da ke kare muradun sana'ar. Na ƙungiyar dillalai ta ƙasa ne, wato NAR, wadda aka kafa a Chicago a 1908, membobinta kuma sun haura miliyan ɗaya. Kwamitin ya fara aiki a 1969, kuma yana cikin manyan kwamitocin ƙungiyoyin sana'a da suka fi ba 'yan takarar tarayya kuɗi.

Tun 1907 doka ta hana kamfanoni ba ɗan takarar tarayya kuɗi daga asusunsu, kuma haramcin ya shafi ƙungiyoyin da aka yi wa rajista a matsayin kamfani. Abin da dokar kuɗin zaɓe ta 1971 da gyaranta na 1974 suka halatta shi ne ƙungiya ta buɗe asusu na daban, wanda ba ya karɓar komai sai gudummawar da mutum ya bayar daga aljihunsa da son ransa. Ƙungiya na iya biyan albashin ma'aikatan asusun da ɗawainiyar tarukansa daga kuɗin shekara na membobi, amma ko sisi daga wannan kuɗin ba zai shiga hannun ɗan takara ba. Hukumar FEC, mai kula da kuɗin zaɓen tarayya, ce ke sa ido, kuma a wajenta ma'ajin kwamiti yake miƙa rahoto.

Mutum ɗaya ba zai ba asusun tarayya fiye da dala 5,000 a shekara ba. Shi ma kwamitin dala 5,000 ce iyakarsa ga ɗan takara a kowane zaɓe, sai dai zaɓen fid da gwani da babban zaɓe daban ake lissafa su, don haka ɗan takara ɗaya kan iya samun dala 10,000 a zango guda. A takarar da ke cin miliyoyi wannan ba wani abu ba ne. Ƙarfin RPAC yana cikin yawan hannayen da kuɗin yake kaiwa. Yana ba 'yan Democrat da 'yan Republican, ya fi karkata ga masu ci, kuma sau da yawa dillali ɗan mazaɓar ne ke kai cek ɗin da kansa. Abin da ake nema shi ne ɗan majalisa ya ɗaga waya ranar da wani ƙudiri ya zo majalisa.

Ana tara kuɗin ne daga ƙasa zuwa sama. Reshen gari yakan sa layin gudummawa a takardar kuɗin shekara, galibi dala 15 a matsayin mafi ƙaranci da ake so, sannan a shirya gwanjo da liyafar dare da gasar golf. A tsarin da aka saba, kashi 70 cikin ɗari na zama a jiha domin 'yan takarar jiha da ƙananan hukumomi, kashi 30 kuma ya tafi asusun ƙasa. Masu bayarwa da yawa suna da matakan girmamawa da lambar maƙalawa a riga: Sterling R dala 1,000, Crystal R 2,500, Golden R 5,000, Platinum R 10,000, inda abin da ya wuce iyakar tarayya ba ya shiga asusun tarayya. Akwai kuma President's Circle, waɗanda ke ƙara dala 2,000 kai tsaye ga 'yan takarar da kwamiti ya zaɓa. Dabara ce mai kaifi, domin wannan kuɗin na ɗaiɗaikun mutane ne, ba ya cikin iyakar kwamitin.

Yawancin kurakurai a reshen gari ake yin su, inda masu aikin sa-kai ke riƙe da akwati. Dillali ya biya da cek ko katin kamfaninsa maimakon nasa, kuɗin ya zama na kamfani, dole a mayar masa ko a karkatar zuwa asusun da dokar jiha ta yarda. Mai kamfani ya ce wa ma'aikatansa su bayar zai biya su daga baya: wannan bayarwa ce da sunan wani, laifi ne babba. Tsabar kuɗi ba ta wuce dala 100 daga mutum ɗaya. Baƙon da ba shi da katin zama na dindindin ba ya bayarwa ko da memba ne. Roƙon gudummawa kuma bai halatta ba sai ga membobi da manyan ma'aikatan ƙungiya da iyalansu, shi ya sa tallar gwanjo a shafin Facebook da kowa ke gani kan jawo matsala. Takardar roƙo dole ta faɗi cewa kuɗin na siyasa ne, cewa mutum na iya ƙin bayarwa ba tare da an tsangwame shi ba, kuma ba a rage masa haraji saboda shi. Wanda jimillar gudummawarsa ta wuce dala 200 a shekara, sunansa da adireshinsa da sana'arsa za su fito a rahoton da jama'a ke iya dubawa.

Lokaci ma yana kama mutane. Reshen da ya karɓi fiye da dala 50 yana da kwana 10 ya miƙa wa ma'aji, dala 50 zuwa ƙasa kuma kwana 30. Ga kuma ƙa'idar kashi ɗaya bisa uku a gwanjo. Idan ƙungiya ta sayi kaya na dala 900 aka sayar da shi 1,800, abin da aka yarda ta ɗauka 600 ne, wato kashi ɗaya bisa uku na kuɗin da aka samu, sauran 300 sai kwamiti ya biya ta, in ba haka ba kuɗin ƙungiya ya shiga asusun siyasa ta bayan gida.

Bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Citizens United a 2010, ƙungiyoyi suka sami damar kashe kuɗinsu kan tallar zaɓe ba iyaka, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba. NAR ta ƙara dala 40 a kuɗin shekara daga 2012 domin harkokin siyasa, abin da ya fusata membobin da ke ganin an tilasta musu abin da a da ganin dama ne.

Batutuwan da ake faɗa a kansu ba sa canjawa sosai: rangwamen haraji kan kuɗin ruwan bashin gida, inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya, harajin sauya mallaka, da dokokin ƙayyade kuɗin haya a jihohi da birane. Sakamakon kuwa gauraye ne. A 2009 ƙungiyar ta yi nasarar sa Majalisa ta hana bankuna shiga dillancin gidaje har abada. A dokar haraji ta 2017 kuwa, duk da adawarta, an rage bashin da ake yi wa rangwame daga dala miliyan ɗaya zuwa 750,000, aka kuma ƙayyade rangwamen harajin jiha da na ƙaramar hukuma a dala 10,000.