Waiwaye: tun 1982 bakin filasma ke ɗaure wa masana kai

Tun da aka sanar a Yulin 2024 cewa ITER, injin haɗe ƙwayoyin zarra da ake ginawa a kudancin Faransa, ba zai ƙona makamashinsa na dutiriyam da tiritiyam (nau'o'in haidirojin masu nauyi) ba sai 2039, muhawara ta koma kan kuɗi da jinkiri. Ba kowa ya kula da cewa bangon cikinsa ma za a sauya shi daga beriliyam zuwa tangistin ba, alhali matsalar bangon ta girmi aikin ginin.

Masanan Tarayyar Sobiyet Tamm da Sakharov ne suka fito da dabarar tokamak, wato inji mai siffar zobe irin ITER, a farkon shekarun 1950, injinsu na T-3 kuma ya kai zafin digiri miliyan 10 a 1968. A cikin tokamak, layukan maganaɗisu kan naɗe filasma, wato iskar makamashin da tsananin zafi ya sa ta ɗauki cajin lantarki, zobe cikin zobe. Zoben ƙarshe da ya rufu shi ne iyaka. Abin da ya tsallake shi sai ya bi buɗaɗɗen layi ya daki ƙarfe. Tun 1951 masanin Amurka Spitzer ya kawo shawarar magudana, wadda za ta karkatar da wannan malala nesa da tsakiya.

Inda al'amarin ya juya shi ne Garching ta Jamus. A lokacin, duk ƙarin zafin da aka yi wa filasma sai riƙon zafinta ya ragu. A Fabrairun 1982, a injin ASDEX mai magudana, Friedrich Wagner ya ga cewa idan ƙarfin ɗumamawa ya haura wani mizani, hargitsin bakin filasma na lafawa nan take. Wata ɗamara mai faɗin 'yan santimita ta bayyana, riƙon zafi ya kusa ninkawa. Wannan ne yanayin H, kuma a kansa aka auna girman ITER.

Sai dai ɗamarar madatsa ce. Matsi na taruwa a bayanta har ta ɓalle, filasma ta yi amai, ta sake toshewa, ta sake ɓallewa. Masana na kiran aman ELM. Ƙaramin inji na shanye shi. A ITER kuwa, lissafi ya nuna amai ɗaya zai iya zubar da kusan megajul 20 cikin ƙiftawar ido, alhali farantan magudana ba sa jure fiye da 1. A ganina nan tushen yake: ribar tsakiya da wahalar bango daga wuri ɗaya suka fito.

Ko babu amai, nazarin masani Eich na 2013 ya nuna faɗin hanyar da zafin zai bi a ITER ba zai wuce kusan milimita 1 ba, farantan kuwa megawat 10 a murabba'in mita aka tsara musu. Bangon kabon na jure zafi amma yana shanye tiritiyam, shi ya sa injin JET na Ingila ya bar shi a 2011. Tangistin sai digiri 3,422 yake narkewa, amma ƙurarsa kaɗan in ta kai tsakiya tana sanyaya filasma.

Shi ya sa ake fesa iskar niyon ko naitirojin a magudana don zafin ya watse kafin ya taɓa ƙarfe. Za a kuma dasa naɗin waya 27 a cikin ITER, su ɗan gurɓata iyakar da gangan domin matsin ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan, dabarar da aka gwada a DIII-D na Amurka.