Waiwaye: Yadda Totoro Ya Sha Ƙasa a Sinima, Talabijin Ya Tashe Shi

Ranar 16 ga Afrilu, 1988 aka fara haska fim ɗin zane mai motsi Tonari no Totoro na Hayao Miyazaki a sinimomin Japan, tikiti ɗaya fim biyu. Abokin tafiyarsa Hotaru no Haka ne na Isao Takahata, labarin yaro da ƙanwarsa da yunwa ta kashe a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Kuɗi ne ya haɗa su. Masu zuba jari ba su yarda 'yan mata biyu da dodon daji mai suna Totoro za su ja jama'a ba, sai kamfanin Tokuma ya ɗauki nauyin na Miyazaki, Shinchosha ya ɗauki na Takahata.

Haɗin bai yi albarka ba. Wanda ya fara da Totoro yakan fito da fara'a, sai a jefa shi cikin gawawwakin Kobe, birnin da labarin Hotaru no Haka ya faru. Ciniki ya yi rauni, duk da mujallar Kinema Junpo ta zaɓi Totoro gwarzon fim na shekarar.

Abin da ke sa mutane hawaye yana can wajen ƙarshe. Telegiram ya iso daga asibitin da mahaifiyar 'yan matan biyu ke kwance, Satsuki ta daka wa ƙanwarta Mei tsawa, yarinyar mai shekara 4 ta rungumi masara ta nufi asibiti ita kaɗai. An tsinci takalmin yaro a kududdufi, maza na laluben ruwa da dogayen sanduna, tsohuwar maƙwabciyarsu na riƙe da shi hannu na rawa. Satsuki ta iso a guje, ta duba, ta ce ba na Mei ba ne. Ba mugu a fim ɗin. Fargabar yaya da ta ɓatar da ƙanwa ce kawai, kuma ta isa. A farkon tsari ma yarinya ɗaya ce, daga baya aka raba ta biyu, shi ya sa fastar fim ɗin ke nuna yarinya guda a tashar bas.

Da tashar talabijin ta Nippon TV ta haska shi a 1989 sai labari ya sauya. Daga 1990 'yan tsanar Totoro suka kama kasuwa, har dodon ya zama tambarin Studio Ghibli, kamfanin da ya shirya fim ɗin.

Sai jita-jita ta biyo baya a intanet: wai Mei ta nutse, Totoro manzon mutuwa ne, hujjar ita ce yaran ba su da inuwa a wasu fitowa na ƙarshe. A 2007 Ghibli ta ƙaryata, ta ce masu zane ne suka ga ba a buƙatar inuwa a wurin. Masu wannan magana ba su zauna har ƙarshe ba, don hotunan da ke tafe da sunaye sun nuna uwar ta dawo gida cikin tasi.

China kuwa sai a Disamba 2018 ta haska shi a sinima, shekara 30 bayan fitowarsa.